Ƙwarya Ɗaya, Jiki Biyu

Zuwa ga ɗiyata Usaina, a makarantar koyon aikin likita, Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kin huta gajiyar hanya, kuma ɗakin da suka ba ki yana da ƙofar da ke rufuwa. Allah ya tsare mini ke daga ruwan da cikinki bai saba ba, da motocin birni, da abokan banza.

Babanki lafiya lau, sai haƙorin nan nasa da ya ƙi yarda a cire. Yayanki na fari, wanda ba na kama sunansa, lafiya shi da iyalinsa. Hasana ta koma Maijirgi da jaririnta, dukansu ƙalau. Kawunki Idi yana nan yana faɗa da jakinsa. Dada, kakarki ta wajen uba, tana ɗan tari, amma jiya ta tatsi saniya da kanta. Wadda ba ta da lafiya sosai ita ce uwata, Iya Ta-Sallah. Ƙafar ta sake kumbura, idon kuma sai a hankali. Bakinta dai ba abin da ya same shi. Ta ce in gaya wa ƙawarta, wato ke, ta yi maza ta koyo allura, amma kada ta kuskura ta fara gwadawa a kanta. Ni kuma gwiwa ce, kin san ta.

Da hannuna nake rubuta miki, ba wanda na roƙa. Rani uku na yi ina zama kan tabarma a ajin yaƙi da jahilci, mushe, malaminmu, yana cewa in riƙe bik, abin rubutun, kamar cokali ba kamar muciya ba, ga shi yau ya yi rana. In kin ga layi ya gangara, kayen da nake rubutu a ciki a kan cinyata yake, cinyar kuwa ba ta da wuri shimfiɗaɗɗe. Na gode Allah da na iya, don maganar da zan yi ba ta bakin ɗan aike ba ce.

Ranar da za ki tafi na tuƙa miki tuwon gero da miyar kuka, na zuba man shanun da Dada ta aiko. Kika ce an gode, kika ɗauki kwanonki kika zaga bayan rumbu, kamar kullum. Shekara goma sha biyu ke nan ban ga kin kai loma baki a gabana ba. Mutane suna cewa Usaina akwai kunya, ni ma nakan ce haka ne. Ba kunya ba ce, ni da ke mun sani. Bayan motarki ta tashi, Hasana ta buɗe baki a tashar Tasawa. Zan zo kan abin da ta ce, amma bari in bi hanya sannu, mai jiki irin nawa in ta yi tsalle faɗuwa take yi.

Ku tagwaye gida biyu kuka haɗa. Gidanmu, gidan su Iya, mutane ne masu jiki tun kakanni. A ƙauyenmu in an ga amalanke ya karkata gefe guda, sai a ce ɗaya daga cikinmu ce ta hau. Gidan su Dada kuwa makiyaya ne, dogaye sirara, sai ka ce sandar kiwonsu. Da aka haife ku, ungozoma ta ɗaga ku ɗaya bayan ɗaya ta yi dariya, ta ce, “An yi rabon gado tun a ciki. Wannan ta Dada, wannan ta Ta-Sallah.” Nono ɗaya kuka sha. Da aka yaye ku, ƙwarya ɗaya kuke ci, babbar nan mai ɗinki a baki. Ke kina cika kamar kabewa, Hasana tana miƙewa kamar karan dawa. Lokacin ba wanda ya damu, abin dariya ne kawai.

Sai fari ya zo, kuna da shekara bakwai. Damina biyu a jere gero bai kai gwiwa ba. Shanun su Dada suka ƙare, sai biyu. Muka koma ga ganyen tafasa da dusa da ƴaƴan anza. Kin tuna yadda nake jiƙa anza kwana da kwanaki ina sake mata ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. A shekarar ne soja suka karɓi mulki, aka fara kawo jar dawa cikin kamyo, manyan motocin kayan nan, ana rabawa a garin Sarkin Hausa. Na riƙo ku hannu biyu muka taka tun safe muka shiga layi. Da rana ta take muka iso gaba. Sojan da ke tsaye yaro ne, leɓensa ma ya bushe. Ya dube ni, ya dube ki, ya ce, “Baba, ku yunwar ba ta biyo ta gidanku ba ne? Ku koma baya, a fara ba waɗanda suka faɗi.” Wata mata a bayana ta ce, “Rumbun ƙasa gare su, ku tona ɗakinsu ku gani.” Layi ya ɗauki dariya.

Usaina, a ranar kwana uku ke nan ban ci abin kirki ba. Ina tsaye ina ganin duhu-duhu. Zanena ya yi mini yawa, har na ƙara ɗauri, amma wanda bai san ni da ba ina zai gane? Fuskata da damtsena sun ƙi tona asirin cikina. Mun samu rabonmu daga ƙarshe, da la'asar, amma na dawo gida da kunya wadda ta fi dawar nauyi.

Mako na gaba na bar ki gida, na lulluɓe jikina da tsohon bargo, na tura Hasana gaba. Nan take aka auna mana. Daga nan Hasana ta zama takardar shaidar gidanmu, har maƙwabciyarmu ta zo aronta. Yanzu muna ba da labarin muna dariya har da hawaye, amma ban taɓa tambayar kaina ba me yarinya ƴar shekara bakwai ta ji da uwarta ta ɓoye ta kamar kayan sata. Kuskurena na farko ke nan. Ga shi za ki zama mai sa farar riga, mutane za su yi layi a gabanki. Kada ki auna yunwar mutum ko ciwonsa da faɗin jikinsa. Ki tambaye shi me ya ci jiya, ki jira ya ba ki amsa.

Na biyun ya fi muni, hannuna ma ba ya son rubuta shi. Hasana ta yi ƙyanda, ta tashi ba komai jikinta sai ido. Kullum nakan ajiye muku ƙwaryarku a inuwar rumbu in tafi rijiya. In na dawo ƙwarya fes, bakinki da hannunki duk miya, Hasana kuwa tana ƙara tsotsewa, ke kumatunki suna nan. Maganar matar nan ta layi tana ta yi mini yawo a kai. Ran nan na dawo na sauke tulu, na ga kina lasar yatsa, sai na zari muciya. Na ce, “Haɗamammiya! Za ki cinye ƴar'uwarki da rai?” Na doke ki a gaban kowa. Ba ki yi kuka ba, ba ki ce uffan ba, ni kuwa na ɗauka shirun mai laifi ne. Daga ranar na rataye ƙwaryar a ɗaka, na raba muku kwano, nata babba naki ƙarami. Na riƙa zama a gabanki ina ƙirga lomarki da ido. Da abinci ya dawo na daina, amma ke kin riga kin koma bayan rumbu.

Shawarar da ke bin wannan gajeriya ce. In ranki ya ɓaci a waje, ki sauke shi a bakin ƙofa kafin ki shiga wurin wanda ya fi ki rauni. Sojan nan da matar nan su suka ba ni kunya, ke kika sha muciya.

Bari in ɗan sha iska da na uku, shi abin dariya ne. Kin tuna da aka sa ranar auren Hasana, dangin mijin suka fara cewa amarya kamar ba a ba ta abinci? Na ce sai na nuna musu gidan da ta fito. Wata biyu na tsare ta a ɗaka, gumba da nono da safe, kunun hulba da hantsi, hura mai kauri da rana, tuwo da man shanu da marece, ba daka ba zuwa rijiya. Takan ci abin da za ta iya ta ture sauran, ni kuma ba na iya ganin abinci ya lalace bayan abin da muka gani, sai in share. Ran da aka zo gwada kayan biki, zanen amarya ya zagaye ta har ya yi saura, rigata ni kuwa ta tsaya a kafaɗa ta ƙi sauka. Babanki ya leƙo ya ce, “To, wacece za a kai Maijirgin? In ga dai wadda aka yi wa kiwo ba ita suka biya sadakinta ba.” Dada ta yi dariya har ta riƙe bango. Ta ce, “Ƴar nan, ai na gaya miki. Mu ko a rumbu aka kulle mu, haka za mu fito.”

Kin ga, a nan ya kamata in gane. Yarinya ta ci abincin mutum uku ba ta ƙara ko yatsa ba, ni na ci saura na kusa fasa ƙofa. Amma ban kai tunanina bakin ƙwaryarku ba.

Na huɗu a kan Iya ne. Bayan fari na rantse uwata ba za ta sake jin yunwa ba. Ta tsufa ta daina zuwa gona, na ce ta zauna ta huta. Kawunki yana kawo sukari da shinkafa daga kasuwa, ni ina dafa mata shayi sau uku, ina zuba mai a komai. Tana ƙara faɗi ina jin daɗi, ina cewa jikin arziki ya dawo. Sai ƙishirwa, sai yawan fita bayan ɗaki, sai wani ɗan ƙaramin miki a ƙafa ya ƙi warkewa. Bara muka ɗora ta a amalanke zuwa likitar Mayahi, wato asibitin can. Manjon da ya duba ta, babban mai ba da magani na wurin, dattijo ne mai haƙuri. Ya ce ciwon sukari ne, jininta kuma ya hau. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, “Ke ɗiyarta ce? Hau ma'aunin nan ke ma.” Na hau, allurar ta yi gudu kamar an kore ta. Iya ta ce, “Sauka kada a ce mu biya.”

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa, ba da Faransanci ba, Allah ya saka masa. Ya ce akwai wasu abubuwa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, da ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba tun yana ciki. Su ke sa wani dogo wani gajere. Ya ce masu bincike suna zaton a cikinsu akwai masu sa jikin wani ya riƙe abin da ya ci, na wani kuma ya ƙone shi da wuri, har da masu sa wani ya daɗe bai ji ya ƙoshi ba. Ya ce ba su gama gane abin ba, kuma ba kowa ke gadonsa ba ko a ɗaki ɗaya. Na ce, “To tagwaye fa?” Ya ce, “Naki suna kama?” Na ce, “Ko makaho ba ya ruɗa su.” Ya ce, “To kowacce da abin da ta ɗebo. Ke manomiya ce, kin taɓa shuka geron zango da maiwa rami ɗaya su fito iri ɗaya?”

Sai ya ƙara wata magana da nake so ki riƙe. Ya ce iri shi kaɗai ba ya cika rumbu, sai da ƙasa da ruwa. Ya tambaya ko akwai wani a gidanmu mai irin jikin nan da ba ya ciwo. Na ce Idi. Kawunki uwa ɗaya uba ɗaya muke, ƙirarmu ɗaya, amma shi tun asuba yana bayan jaki ko yana gona, shayinsa kuma ba ya son zaƙi. Manjo ya ce, “To kin gani. Gado ne, amma ba hukunci ba ne.”

Wannan shi ke hana ni sukuni tun da kika tafi. Jikinki irin namu ne, mai ajiya. Ni a ganina shi ya tsayar da mu da ƙafafunmu a shekarun yunwa, har na iya ɗaukar Hasana a baya zuwa Sarkin Hausa in dawo, don haka kada ki raina shi, kada ki bar kowa ya raina miki shi. Amma a nan gida kina daka, kina jan guga, kina zuwa gona. Can an ce kujera ce tun safe, ruwa a famfo, burodi da shinkafa da mai, da lemun kwalba a bakin ƙofar lakwal, makarantar taku. Jikin bai san fari ya wuce ba, zai ci gaba da tarawa. Ki riƙa takawa da ƙafa inda ƙafa za ta kai, amma ki bi gefen hanya. Sukari ki sa kaɗan. Ki nemi ganye, zogale ko rama, ko a birni ba a rasa mai sayarwa. In kun fara koyon awon jini, ki ba da hannunki a fara da ke. Ni ma na rage, shayi sau ɗaya yanzu, kuma ina zagaya gonar babanki kowace safiya, yana cewa na zo duba ko ya yi ha'inci.

Amma ki ji ni da kyau, ban ce ki bar cin abinci ba. Na san ki. In ƴan matan birni suka yi miki dariya, za ki iya wuni da ruwa ki ce kin ƙoshi. Wadda ta iya ɓoye cinta shekara goma sha biyu za ta iya ɓoye rashin cinta. Wannan ya fi sukarin ba ni tsoro.

Kin san abin da na ce a raina da muka fito daga wurin manjo? Na ce, ashe haɗamar Usaina ma gado ce, ba laifinta ba ne. Har na ji na yi miki adalci. Dubi wauta.

Yanzu na iso tasha. Motarki ta tashi, ina ta ɗaga hannu har ta sha kwana. Na zauna kan benci ina share ido, na ce wa Hasana, “Ko guzurin nan za ta ci? Da yake dai ba ta wasa da cikinta.” Sai Hasana ta juyo da jariri a kafaɗa, ta ce, “Inna, wallahi yau sai na faɗa, in ya so tukunyar ta ƙi tafasa.” Na ce wace tukunya? Ta ce, “Ta ce in na faɗa miki, za ta yi mini abin tagwaye, tukunyata ba za ta ƙara tafasa ba har in mutu. Yanzu ta yi nisa, ikonta ba ya kaiwa Maijirgi.”

Ta ce lokacin da ta tashi daga ƙyanda, in na tafi rijiya, kina tura mata tuwon duka gefenta. Ke sai ki dangwali miya ki shafa a baki da hannu, don in na dawo in ga kamar kin ci, kada in hana. Ta ce ko da na raba kwano, kina ɓoye rabin naki a bakin zane ki kai mata bayan rumbu, can ne zuwa bayan rumbu ya samo asali. Na ce, “Don me ba ta faɗa ba ran da na doke ta?” Ta ce, “In ta faɗa za ki tsare ta sai ta ci nata. Da muka girma kuma ta ce a bar shi, Inna za ta ji kunya.”

Usaina, a tsakiyar tashar Tasawa, gaban masu ƙosai da ƴan kamasho, uwarki ta zauna a ƙasa ta yi kuka da ƙarfi, sai kuma dariya ta kama ni, na rasa wanne zan tsayar. Wata mai tallar gyaɗa ta ce, “Rasuwa aka yi?” Na ce, “A'a, haihuwa.” Don a ranar na san ɗiyar da na haifa. Tun daga nan nake tafiya kamar an ɗauke mini dutse daga kai. Na gaya wa babanki, ya fita, ya dawo ya ce ragon Layyar bana da hannunki za a ba shi ruwan ƙarshe. Na gaya wa Iya, ta ce, “Ai jininmu ne. Mu jikinmu ma kyauta yake yi, shi ya sa ya yi yawa.” Dada ta ce ƙarya ne, halin nasu ne, jikin kawai kika ɗauko a wurinmu. Har yau ba su gama wannan shari'a ba. Hasana kuma ta aiko a gaya miki tukunyarta tana tafasa har tana zuba.

Na zalunce ki, ɗiyata. Uwa ba ta saba faɗin haka da baki ba, wataƙila shi ya sa Allah ya kai ni aji da furfura. Ki yafe mini muciyar, ki yafe mini ƙaramin kwanon, ki yafe mini idon da na zuba miki.

Na sauko da ƙwaryar. Ɗinkin ya saki, na kai an sake shi, na wanke ta na shanya. Nufina ran Layya in tuƙa tuwo in zuba a ciki, mu zauna mu uku a tsakar gida, ni da ke da Hasana, a gaban kowa. Amma ba zan tilasta miki ba, na yi tilas ya ishe ni.

Ki ba ni amsa kafin ran ɗaya ga watan Layya, don a ranar kawunki zai shiga Tasawa ya duba mana takardu, kuma sai na ji daga gare ki zan aika wa Hasana ta shirya. Ki yi manyan baƙaƙe, da Hausa, don ni zan karanta da kaina. Ba sai kin rubuta kin yafe ba in abin ya yi miki nauyi. Ki rubuta mini abin da kika ci jiya, tun daga safe har marece, kada ki rage komai. In na ga wannan, na gane.

Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya buɗa miki karatu, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga mutane, ya dawo mini da ke lafiya. In kin zo, ki ci yadda kike so, ba zan ƙirga ba. Ko a aji ma, mushe zai gaya miki, lissafi ne ya kayar da ni.

Ni ce uwarki,
Inna